Fasa Jikin Mota Ba Ya Maganin Zafin Inji

Duk wanda ya zauna gindin dogon yaro a bakin babban titin Gwange cikin watan Afrilu, ya sa ido ga motocin da ke wucewa, lalle zai ga wani sabon abu da ya fara yaɗuwa a garin nan na Maiduguri. Zai ga mota an yanke mata bamba ta gaba, an yi mata baki kamar na tanderu. Zai ga wata an tsattsaga mata fenda, watau wannan ƙarfe na gefe da ke rufe tayar gaba, an jera tsaga uku ko huɗu kamar zanen fuska. Wata kuma bonet aka huda, aka toshe hudar da ragar kaji. In ka tambayi mai motar dalili, amsar ɗaya ce: inji yana zafi, an buɗe masa hanya ya sha iska.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan magana shi ne wani maƙwabcina, direban tasi, magidanci mai 'ya'ya biyar, wanda ba shi da wata dukiya a duniya sai tsohuwar Golf ɗinsa. Wata ranar Juma'a da safe na fito na tarar da shi tsugune gaban motar, ya aro injin yankan ƙarfe, ya zana layi da alli a jikin fenda. Na gaishe shi, na ce, "Malam, lafiya kuwa? Me motar ta yi maka?" Ya ce, "Wallahi Alhaji, zafi ya ishe ni. Daga nan zuwa Kasuwar Monday sai na tsaya na ƙara ruwa. Ni da kai ma in an rufe mu a ɗaki ba taga ai sai mu suma, balle ƙarfe." Na ce masa, "Ka bari a duba lagireto tukuna." Ya yi dariya ya ce, "Duba lagireto kuɗi ne, Alhaji. Wannan kuwa kyauta ne." Kafin a kira sallah ya gama, ya yi wa motar tagogi shida, uku dama uku hagu, ya kuma yanke tsakiyar bamba.

Zan dawo ga ƙarshen labarinsa. Amma tun yanzu bari in faɗi ra'ayina ƙarara, domin kada mai karatu ya yi ta jira. Yanke jikin mota da sunan ba inji iska, kamar yadda ake yinsa a unguwanninmu, asara ce. A mafi yawan lokaci ba ya rage zafi ko kaɗan, wani lokaci ma ƙara shi yake yi, kuma yana buɗe ƙofar wasu cututtuka waɗanda suka fi na farko tsada. An bar jaki ne ana dukan taiki.

DALILIN MASU YI

Ba zan zama marar adalci ba. Mutumin da ya ɗauki guduma da cizal ya nufi motarsa ba mahaukaci ba ne, yana da hujja. Zafin Maiduguri ba abin wasa ba ne. Cikin watan Afrilu da Mayu ma'aunin zafi kan haura digiri 40, kwalta ta yi laushi, ƙarfen ƙofar mota ya ƙi taɓuwa. Ga cunkoson motoci da Keke Napep a gadar Gwange da wajen Kwastam, inda mota za ta yi minti ashirin tana rarrafe. Ga motocin kansu, galibinsu tsofaffi ne da suka gama aikinsu a Turai kafin su iso mu. Tun kuma ran 29 ga watan Mayu 2023, da aka janye tallafin man fetur, darajar Naira kuma ta faɗi a bayansa, kuɗin kayan gyara ya yi tashin gwauron zabo. Direban da ke auna abin da zai kai gida da yamma, in ya ga hanyar da ba ta cin ko kwabo, tilas zuciyarsa ta karkata can.

Akwai kuma kashi na biyu, su ne samari. Su ba zafi ne ya dame su ba. Sun ga motocin tsere a cikin wayar hannu, masu tsaga a gefe da manyan ramuka a gaba, suna so tasu ta yi kama da su ranar ɗaurin aure. Da su ma ina da magana, amma bari mu fara da masu neman abinci.

YADDA INJI KE HUCEWA

Kuskuren farko shi ne kwatanta inji da mutum a cikin ɗaki. Injin mota irin wanda muke hawa yau ba da iskar da ke kewaye da shi yake hucewa ba, da ruwa yake hucewa. Ruwa yana zagaya cikin jikin inji ta wasu hanyoyi, ya ɗebo zafi, famfon ruwa ya tura shi zuwa lagireto. A lagireto ruwan yana bin siraran bututu masu yawa, iska kuma tana ratsa tsakaninsu ta kwashe zafin, sa'an nan ruwan ya koma inji ya sake ɗebowa. Saboda haka iskar da ke da amfani ita ce wadda ta ratsa ta cikin lagireto. Wadda ta shiga ta gefe, ko ta sama, ko ta ƙasa, ba ta taɓa bututun nan ba, ba ta yi aikin kome ba.

To me ke sa iska ta ratsa lagireto, alhali kuwa matsattsen wuri ne? Abin da ke sa ta shi ne bambancin matsi. In mota tana tafiya, iska tana taruwa a gabanta ta yi ƙarfi, bayan lagireto kuwa, watau cikin ɗakin inji, matsin ya fi sauƙi. Iska kamar ruwa take, daga tudu take gangarawa kwari. Masu ƙera mota sun tsara bakin bamba da robobin da ke gefen lagireto domin su tattara iskar su tilasta mata bi ta nan. In ka faɗaɗa bakin bamba ba tare da ka toshe gefe-gefe ba, ka ba iska hanya mai sauƙi ke nan, ta zagaye lagireto ta cika ɗakin inji. Da ɗakin inji ya cika da iska, bambancin matsin nan ya ragu, wadda ke ratsa lagireto ma ta ragu. Duk manomin rani a bakin Alau ya san wannan: in ka fasa gefen kwalbati, ruwa ba zai kai ƙarshen fadama ba.

Maganar fenda kuwa ta fi ban takaici. A galibin ƙananan motoci, fenda ta waje ba ta haɗe da ɗakin inji ba. A bayanta akwai wani bangon ƙarfe na ciki, shi ne ya raba inji da gurbin taya. Wanda ya tsaga fenda ta waje bai buɗe wa inji taga ba, ya buɗe wa taya ne. Maƙwabcina da tagoginsa shida, ko iskar da za ta kashe ashana ba ta isa injinsa ta nan ba. Duk mai shakka ya buɗe bonet ɗinsa ya leƙa gefe, zai ga bangon da idonsa.

Masu huda bonet ta baya, kusa da gilashin gaba, da masu ɗaga bayan bonet da katako, su ma sun yi kuskure irin wannan. Gindin gilashin gaba wuri ne da iska ke taruwa in mota na gudu, shi ya sa masu ƙera mota suka sa mashigar iskar cikin mota a daidai nan. In ka huda wurin, da mota ta ɗauki hanya iska shiga za ta yi maimakon ta fita.

Sauran maganar cunkoso. In mota tana rarrafe a gadar Gwange, babu wata iskar tafiya da za a yi magana a kanta. A wannan hali fanka ce kaɗai ke jawo iska ta cikin lagireto. In fankar ba ta da ƙarfi, ko an cire ƙawanyar robar da ke kewaye da ita, ko an ɗaura mata waya a juye tana hura iska gaba maimakon baya, to ko ka cire bamba gaba ɗaya ka ajiye a gida, allurar zafi sai ta hau.

MOTOCIN TSERE DA MOTOCIN ADO

Samari za su ce, to in haka ne me ya sa motocin tsere suke da ramuka? Amsa ita ce gudu. Ƙarfin da iska ke yi a jikin mota ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba, ninkin-ba-ninki yake yi. In ka ninka gudu sau goma, ƙarfin iskar ya ninku sau ɗari. Motocin da ke tseren awa 24 a Le Mans ta ƙasar Faransa suna haura kilomita 300 a awa ɗaya. A irin wannan gudu, iskar da ta taru ƙarƙashin mota da cikin gurbin taya tana iya ɗaga motar sama. A watan Yuni 1999 wata motar Mercedes da Peter Dumbreck ke tuƙawa ta tashi sama a tsakiyar tseren, ta yi ta juyi a iska, ta faɗa cikin itatuwa, Allah ya yi da sauran kwanansa. Bayan haɗura masu kama da wannan, masu shirya tseren suka wajabta daga shekarar 2012 a bar manyan ramuka a fendar waɗannan motoci domin iska ta fice. Watau ramin fendar motar tsere maganin tashi sama ne. Motar da ke yin kilomita 30 tsakanin Gwange da Tashar Bama ba ta da wannan cuta.

Masu yin abin don ado ma ba su ne farau ba. A Amurka, a 1948, wani mai zanen motoci na kamfanin Buick, sunansa Ned Nickles, ya huda gefen gaban motarsa ramuka huɗu-huɗu, ya sa fitilu a ciki suna walƙiya kamar salansar jirgin yaƙi. Shugabannin kamfanin suka gani suka yi sha'awa, suka sa ramukan a motocinsu na 1949, ba tare da fitilun ba. Da farko an ce suna fitar da zafin inji, amma ba a daɗe ba suka koma ado zalla, a toshe. In kamfanin da ya shahara da wannan abu ya ƙare da toshe ramukansa, mai son ado a Gwange sai ya ɗauki darasi. Akwai irin na roba da ake mannawa a jikin fenda, ana samunsu wajen masu sayar da kayan adon mota. Ranar da ya gaji da su ya ɓamɓare, motarsa tana nan lafiya.

INDA CUTAR TAKE

In mota ta yi shekara da shekaru tana aiki ba ta zafi, sa'an nan ta fara, ai ba jikinta ne ya canja ba. Bambar da take da ita bara ita ce bana. Wani abu ne ya lalace a ciki, shi ya kamata a nema.

Mu mutanen Gwange muna da dalili na musamman. Daren 9 ga watan Satumba 2024, wayewar garin 10, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya cika ya tumbatsa, ruwa ya mamaye unguwarmu da Fori da Kasuwar Monday da sauran wurare, irin abin da dattawa suka ce rabonsu da gani tun ambaliyar 1994. Motoci da yawa sun kwana cikin ruwa har rufi. Da ruwa ya janye, mutane suka juye baƙin mai, suka busar da kujeru, suka gyara waya, mota ta tashi aka yi hamdala. Abin da aka manta shi ne laka. Laka ta shiga tsakanin siraran fukafukan lagireto ta bushe ta zama kamar tubali. A motoci masu na'urar sanyaya ciki, akwai wani lagireton a gaban na inji, laka da ganyen dogon yaro da leda sukan maƙale a tsakanin su biyun, inda ido ba ya gani sai an kwance. Motar da ke cikin wannan hali, hancinta ne a toshe. Hunturu ya rufa mata asiri, bazara ta tona.

Na biyu, ruwan da muke zubawa. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da gishirin ƙasa. Dubi cikin butar shayi da ta daɗe, za ka ga farin ɓawo ya kama ta. Haka yake kama cikin bututun lagireto, ga tsatsa a kai. Ruwan kulan da ake sayarwa a galan an haɗa shi da maganin tsatsa, kuma ba ya saurin tafasa kamar ruwa tsura.

Na uku, murfin lagireto, wanda mutane suka raina. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100. Murfin nan yana da sifirin da roba, aikinsa ya riƙe matsi a ciki, da haka ruwan yakan kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. In robar ta mutu, ko an ɗaure bakin da tsumma da leda kamar yadda nakan gani, mota za ta yi ta zubar da ruwa tana tururi ko da sauran kayan lafiya lau suke. Murfi kuwa yana cikin mafi arahar kayan mota.

Na huɗu, al'adar nan ta cire tamostat. Da zarar mota ta iso daga Kwatano, abin da bakanike ke fara yi shi ne ya zare shi ya jefar, ya ce na ƙasar sanyi ne. Tamostat ƙofa ce da ke buɗewa in ruwa ya kai wajen digiri 80 zuwa 90. A injuna da yawa aiki biyu yake yi: yana buɗe hanyar lagireto, yana kuma rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma inji kai tsaye. In ka cire shi, gajeriyar hanyar ta zauna a buɗe, wani kashi na ruwan ya riƙa zagayawa bai je lagireto ba. Da hunturu kuma inji ya ƙi ɗumama, ya yi ta shan mai fiye da ƙima, a wannan zamani da kowace lita take da zafi. In tamostat ya maƙale, a sa sabo.

Bayan waɗannan sai a duba fambel, da famfon ruwa, da tiyo mai yoyo, da gasket. Babu ɗaya daga cikinsu da ramin fenda ke warkarwa.

ABIN DA RAMI KE JAWOWA

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙarfen jikin mota an rufe shi da maganin tsatsa da fenti hawa-hawa tun daga masana'anta. Inda ka yanka, ƙarfe ya fito tsirara. Damina ɗaya ta isa, bakin tsagar ya yi ja, fenti ya kumbura, tsatsa ta bi ƙarƙashinsa tana ci.

A motoci da yawa, bututun da inji ke shaƙar iska yana ɓoye a bayan fitila ko cikin fenda, an sa shi nan ne domin ruwa da ƙura kada su same shi. Ka yanke bamba ko robar da ke cikin gurbin taya, ka tone shi. Da hunturu ƙura ta toshe matatar iska cikin 'yan kwanaki. Da damina kuwa, in ka shiga kududdufin da ke taruwa a lungunanmu cikin Agusta, inji ya shaƙi ruwa. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, saboda haka da ya shiga silinda sai ƙarfen da ke riƙe da fistin ya lanƙwashe. Wannan ba gyaran yini ɗaya ba ne, wani lokaci sai sabon inji.

Sa'an nan maganar rai. Robar bamba da muke gani a waje riga ce kawai. A bayanta akwai dogon ƙarfe da aka gitta, da wani soso mai tauri, aikinsu su karɓi bugu kafin ya iso ga lagireto da ƙafafun direba. Na ga wanda ya yanke wannan ƙarfe domin ya tare masa ramin da yake so. A sababbin motoci kuma akwai na'urorin da ke jin karo a wajen, su ne ke ba da umurni jakar iska ta buɗe. Ga kaifin bakin ƙarfen da aka yanka. Titunan Gwange cike suke da yara 'yan makaranta da almajirai da masu talla. Motar da ta goge yaro da fenda mai santsi, ƙila ya tashi da ƙujewa. Wadda ta goge shi da fenda mai tsaga huɗu, sai asibiti da ɗinki.

Shi kansa mai yankan yana cikin haɗari. Injin yankan ƙarfe yana fesa tartsatsi, ga tiyon fetur kusa, ga batir, ga jarkar mai da direbobinmu ke ajiyewa. Galibi ba tabarau ake yi ba, ɓarɓashin ƙarfe kuwa ba ya neman izni kafin ya shiga ido. Ranar sayarwa kuma, dillali ya dubi ramukan ya ce wannan mota injinta na da ciwo, ya karya farashi. Garin neman gira an rasa ido.

AMSA GA MASU MUSU

Wani zai ce, Turawa sun ƙera motocin nan ne don ƙasarsu mai sanyi, dole mu gyara su su dace da tamu. Ina tuna masa da Peugeot 504. Kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, a shekarar ne kuma 504 ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka. Shekaru da dama ita ce sarauniyar hanyar Maiduguri zuwa Kano, kusan kilomita 600 ta Damaturu da Potiskum, cike da fasinja, kaya har bisa rufi, cikin wannan zafi dai da muke kuka da shi. Tsofaffin direbobin Tashar Kano suna nan da ransu, a tambaye su ko sun taɓa tsaga mata fenda. Abin da suka sani shi ne duba ruwa da mai kowace safiya kafin a ɗora mata maɓalli, da wanke lagireto kafin bazara. In kuwa da gaske lagireton wata mota ya yi mata kaɗan a ƙasarmu, maganinsa a sa mata mai kauri, mai layi biyu. Ana samu a Ƙofar Ruwa ta Kano, ana samu a Ladipo ta Ikko, 'yan'uwanmu da ke zaune a Agege da Idi-Araba sun san hanya.

Wani kuma zai ce, motata ce, da kuɗina na saya. Gaskiya ne, muddin tana cikin gidanka. Da ta hau titi ta ɗauki matar wani da ɗan wani, ta zama abin da ya shafi jama'a.

Kada kuma a ɗauka ina raina masu sana'ar hannu. Allah ya sani, da ba don kanikawa da masu walda da fanel bita ba, da rabin motocin Jihar Borno sun daɗe da zama ɗakin kaji. Mutanen da ke iya miƙar da motar da ta yi karo ta koma kamar sabuwa, irin waɗanda suka sa sunan Fanteka ta Kaduna ya zagaya ƙasa, ba a yi musu gorin basira. Abin da nake cewa shi ne, iya yanka daban, sanin inda za a yanka daban. Iska ba a ganinta, shi ya sa hannu kaɗai ba ya isa.

Akwai ma lokacin da huda ke da amfani, ba na musu. Motar da ke jan kaya mai nauyi, an kuma tabbata lagireto da fanka da murfi duk lafiya suke, ana iya yi mata mafitar iska a saman bonet, can gaba, daf da bayan lagireto, inda iskar waje ke wucewa da sauri tana jan ta ciki. Mai son gwadawa ya manna guntayen zare a wurin da salatif, wani ya tuƙa shi ya duba. In zaren ya ɗaga sama ko ya kwanta baya sumul, wurin fita ne. In yana dunƙulewa yana karkarwa, a bar shi. In za a yanka a cire batir, a kwance ƙarfen daga jikin mota, a sa tabarau, a goge kaifin, a shafa maganin tsatsa da fenti, a kuma lura kada ruwan sama ya riƙa zuba kan waya. Wannan aikin gwani ne, kuma shi ne na ƙarshe a layi bayan an gama da duk sauran.

KIRA

Ina kira ga shugabannin ƙungiyar kanikawa ta NATA reshen Borno, su ja kunnen yaransu. In mutum ya kawo mota ya ce a yanka, a fara nuna masa lagiretonsa. Ina kira ga Ramat Polytechnic da sashen injiniya na Jami'ar Maiduguri, su fito daga aji su shiga gareji. Kwana biyu kafin bazara, a tara masu gareji na Gwange da Gamboru da hanyar Baga, a yi musu bayani da Hausa da Kanuri, a kawo lagireto a yanka biyu su ga cikinsa. Ba zai ci wani kuɗi mai yawa ba. Jami'an duba lafiyar motoci da Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1988, su ma su sa ido ga motar haya mai kaifin ƙarfe a waje ko wadda aka cire wa ƙarfen bamba. A fara da gargaɗi da wa'adin gyara, kada abin ya zama wata sabuwar hanyar tatsar talaka a bakin titi.

Sauran labarin maƙwabcina. Mako biyu bayan ya yi tagoginsa, ya sami shatar kai wasu mutane Damaturu. Bai kai Benisheikh ba allura ta hau, ya yi ta maza ya ci gaba, har inji ya ƙone gasket, aka jawo motar da igiya. Da aka kwance lagireto a gareji, ina tsaye, aka sa masa tiyo, sai ga jar laka tana fita kamar kunu, tun ta ambaliya. Ya yi mako uku ba ya fita aiki, ya ci bashin gyara, yaransa biyu suka zauna gida saboda kuɗin makaranta. Yanzu motar tana tafiya ba ta zafi, tagogin suna nan sun fara tsatsa. Da na je yi masa jaje ya dube su ya ce, "Alhaji, da na ji maganarka, da wankin lagireto kaɗai zan biya."

Bazara tana tafe kowace shekara, ba ta saɓa alkawari, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Duk mai mota a garin nan, musamman wadda ta kwana cikin ruwan 2024, ya kai ta a kwance lagireto a wanke ciki da waje, a sa murfi mai kyau, a duba fanka, kafin watan Maris ya ƙare. Allah ya kiyaye mana dukiyarmu da rayukanmu, amin.